Kifi a Gonar Albasa

Mijina Gengo manomin albasa ne, yayana Tokuji kuma masunci. Aji ɗaya suka yi a firamaren Sarumanai, benci ɗaya ma, kuma tun a lokacin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Da na auri Gengo mutanen gari suka ce to, yanzu dai an huta. Ba a huta ba, faɗan ne kawai ya taso ya dawo gidana. Gengo na kiran Yaya "Mai Ƙarni", Yaya na kiransa "Mai Sa Mata Kuka", ni kuwa ina tsakiya kamar gishiri a miya, kowa na nema na goyi bayansa.

Babban abin faɗansu kogi ne. Kogin garinmu ba wani babba ba ne. Daga duwatsu yake gangarowa, ya ratsa gonaki, ya bi ta bayan gari, ya faɗa teku daidai inda masunta ke ɗaure jiragensu. Zamanin iyayenmu ya taɓa yin ambaliyar da ta tafi da gada da gidaje, sai hukuma ta miƙar da shi kamar zare, ta yi masa jinga hagu da dama, ta kuma gitta masa wani dakalin siminti mai tsayin mutum don ya karya gudun ruwan. Manoma suka ji daɗi. Amma kifin salmon, wanda mu a nan Hokkaido muke ce wa akiaji, duk kaka yakan baro teku ya hau kogin da aka haife shi don ya zuba ƙwai, kuma tun da aka yi dakalin nan, nan ne iyakarsa. Sai ka gan su cunkushe a gindinsa, suna tsalle suna buga kai da siminti suna faɗowa.

Yaya ya daɗe yana cewa a fasa shi. Kamun da suke yi a teku sai raguwa yake, kuma a ganinsa kifin da ake ƙyanƙyashewa a tanki a sako ba shi da ƙwarin wanda aka haifa cikin tsakuwar kogi. Gengo kuwa cewa yake duk mai son taɓa simintin nan sai ya fara bi ta kansa.

"Kifi ba ya biyan haraji," in ji shi.

"Albasa tana biya?" Yaya ya tambaya.

"Ni nake biya mata."

A shekarar da abin ya faru, ofishin gunduma ya turo mana sabuwar injiniya, Odagiri-san, wata 'yar siririya mai tabarau, ba ta fi sa'ar 'yarmu Rie ba. Ta daɗe tana bin kogin sama da ƙasa cikin dogon takalmin roba tana aune-aune, sannan ta kira taro a zauren gari. Manoma suka zo, masunta suka zo. Mu mata muka zauna can baya, don kusan kowaccenmu tana da miji a ɓangare ɗaya, ɗan'uwa a ɗayan.

Ta ce ruwan saman yanzu ba irin na da ba ne, jingar ba za ta ci gaba da riƙe shi ba. Hanya biyu ce. Ko dai a ƙara wa jingar tsayi a shafe gindin kogin da siminti har teku, ko kuma a ba ruwan wurin zama: a ja jingar baya a inda ƙasa ta fi kwari, in kogi ya cika ya shiga can ya huce kafin ya iso gari. In an yi haka, ana iya tsaga dakalin a yi wa kifi matakala ya riƙa hawa.

"Ta biyun ta fi," ta ce, "ga gari, ga kifi. Sai dai tana cin gona."

"Gonar wa?" wani ya tambaya.

Ta ɗora yatsa a kan taswirar da ta shimfiɗa a tebur. Ni ko leƙawa ban yi ba. Kowa a Sarumanai ya san ƙasar da ta fi kwari ita ce gonarmu ta bakin kogi, wadda mahaifin Gengo ya tumɓuke kututturanta da doki ɗaya da hannayensa biyu.

Gengo ya miƙe a hankali ya rusuna mata sosai, irin rusunawar da in ya yi na san babu alheri a bayanta.

"Odagiri-san, sannu da ƙoƙari. Ina da 'yar tambaya. A makarantar da kika yi ana cin abinci?"

"Ana ci, Mogami-san," ta ce. Sunan gidanmu ke nan.

"Da albasa?"

"Da albasa."

"To a ina kike jin take fitowa? A jikin taswira?"

Yaya ya ɗaga murya daga can gefe. "Zauna ka riƙe girmanka! Gonar da duk shekara sai ta sha ruwa? Ai rabin albasarka da iyo take zuwa kasuwa."

Shi ke nan wuri ya kaure. Shugaban zauren ya yi ta dukan tebur yana cewa a yi shiru, har kofin shayinsa ya kife a kan taswirar. Shayin ya bi layin kogin ya gangara, ya je ya taru daidai kan gonarmu. Wata tsohuwa kusa da ni ta ce, "Kun gani, ko shayi ya san hanya." Mata suka fashe da dariya, Gengo ya ɗauki hularsa ya fice, taro ya watse ba a yanke komai ba.

Ba a jima ba guguwa ta taso daga teku. Mun riga mun tuge albasa mun shanya ta a kan kunyoyi tana jiran kwasa. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, har kogin ya haure jingar daidai ƙasan dakalin ya afka gonar. Gari da ƙyar ya sha, don sai da ruwan ya taɓa matakalar gidan waya sannan ya fara ja. Da sama ta washe muka tafi duba ɓarna, ni da shi.

Albasa ko'ina. Kan titi, cikin kwalbati, har da wadda ta maƙale a jikin shingen waya. Gengo tafiya kawai yake hannunsa a baya. Ruwan ya janye daga kan kunyoyi amma ya kwanta a kwarinsu har iya ƙwauri. Muna cikin tafiya na ji facal, sai na ga ya tsaya cak.

"Nobuko, zo ki gaya mini ko idona ne."

Ba idonsa ba ne. Akiaji ne, ƙato, bayansa a waje, yana kutsawa tsakanin albasa yana ture ta da baki. Ga wani a kwarin gaba, ga wasu can. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Waɗanda suka taru a gindin dakalin ne ruwa ya kwaso ya juye mana, ya koma ya bar su.

Kafin rana ta ɗaga labari ya zaga gari. Yaya ne ya fara isowa. Ya dubi kifin, ya dubi fuskar Gengo, ya yi dariya har ya zauna daɓas cikin laka. Bayansa sai ga ɗan sandan garinmu, Shiratori-san, a kan ɗan babur ɗinsa.

"Sun cinye mini gona, ni kuma zan cinye su," in ji Gengo. "Nobuko, je ki ɗora babbar tukunya."

Shiratori-san ya yi gyaran murya. "Mogami-san, ka dai san doka. Ba a kama akiaji a kogi."

"Wannan kogi ne? Gonata ce. Ga albasa nan kana takawa."

"In gona ce, me kifi yake yi a ciki?" Yaya ya ce daga inda yake zaune.

"Shi za ka tambaya, ai danginka ne."

Shiratori-san ya cire hula ya sosa kai. Ya ce tun da ya shiga aiki bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Ya zaga kunya ɗaya ya dawo.

"Ga yadda na gani," ya ce. "In ka ɗauke shi ka nufi kicin, nan kogi ne, sai mu wuce ofis tare. In ka ɗauke shi ka nufi ruwa, nan gona ce, kai kuma manomi ne yana cire abin da bai shuka ba."

Gengo ya dubi kwarin kunyoyin. Rana ta fara zafi, ruwan kwarin yana raguwa, kifin sun fara kifewa gefe. Ko maƙiyin kifi ba zai iya tsayawa yana kallon haka ba. Ya juya ya tafi ya turo baro.

Bakin kogin ta wajen gonar ya zabtare, laka har cinya, ba mai iya kusantarsa. Hanya mai kyau ɗaya ce, wadda ta haura zuwa rumfar taraktarmu a saman dakalin, inda wata 'yar ƙorama mai sanyi ke fitowa daga ƙarƙashin tudu ta shiga kogi. Can muka riƙa kai su. Muka shimfiɗa tamfol a cikin baron muka zuba ruwa. Yaya ya ce a jiƙa hannu tukuna, a tallabi ciki, a riƙe gindin wutsiya.

"Ba yau na fara ɗaukar kaya ba," in ji Gengo. Ya sunkuya ya cafki na farko a wuya kamar zai tuge albasa. Kifin ya lanƙwashe ya zabga masa wutsiya a kunci, ƙarar har bakin titi. Daga nan ya jiƙa hannu.

Mutane suka yi ta zuwa kallo, duk wanda ya zo kuma sai ya tuɓe riga ya shiga. Manoma da masunta duk laka ta mayar da su kala ɗaya. Odagiri-san ma ta zo duba jingar, ta ƙare da rungume wani kifi a ƙirji kamar jariri, tabaraunta ya faɗa ruwa. Gengo ya lalubo shi ya goge mata da gefen rigarsa, ya ƙara masa laka, ta karɓa ta yi godiya ta saka a haka.

Ta ƙarshe wata babbar mace ce mai yagaggiyar wutsiya, cikinta tim da ƙwai. Da Gengo ya sa ta a ƙoramar sai ta kwanta gefe ba motsi. Yaya ya ce ya riƙe ta ya fuskantar da kanta inda ruwa ke tahowa, kada ya saki sai ta nema da kanta. Ya tsuguna cikin ruwan sanyin nan ya daɗe, har leɓensa ya canza kala. Can ta murɗa jiki ta suɓuce ta shige ƙarƙashin ciyawa.

"Ko godiya babu," ya ce, yana yarfe hannu.

Daga ranar taraktarmu ta shiga uku da dubawa. Da safe zai ce bari ya je ya duba tarakta, da yamma ma haka. Taraktar da ba abin da ya same ta. Wata rana na ƙulla masa dunƙulen shinkafa na bi shi, na tarar da shi kwance rub da ciki a bakin ƙoramar, haɓarsa a kan hannu. Ya yi mini alama in yi shiru in durƙusa.

Mai yagaggiyar wutsiyar ce. Ta kwanta gefe tana bugun tsakuwa da wutsiya har rami ya fito, namiji na gefe yana korar sauran.

"Dubi ikon nan," ya raɗa mini. "Ta haƙa, ta zuba, ta rufe, ta matsa gaba. Nobuko, ai shuka take yi. Manomiya ce."

Kowa a garinmu ya san akiaji in ya gama zuba ƙwai mutuwa yake, Gengo ma ya sani. Amma sanin da ka yi a bakin mutane daban, wanda ka ɗauka da hannunka daban. Ranar da ya same ta a maƙale jikin saiwa, ta yi fari ta zagwanye, ya dawo ya ɗauki shebur zai binne ta. Yaya yana gidanmu a lokacin, ya zo karɓar tsamin kabeji. Ban ji ya yi masa dariya ba. Cewa ya yi ya bar ta a nan, jikinta ne zai ciyar da ƙwarin ruwan da 'ya'yanta za su ci in sun fito.

Gengo ya tsaya da shebur a hannu. "Taki ke nan."

"Taki."

Ya mayar da shebur ɗin wurinsa.

Dusar ƙanƙara ta zo ta rufe komai, amma ƙoramar ba ta daskare ba, kuma akwai sawun mutum ɗaya da bai taɓa shafewa ba tsakanin ƙofarmu da bakinta. Da ƙanƙara ta fara narkewa, ina kicin na ji yana buga waya a falo. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya kira Yaya da kansa ba.

"Mai Ƙarni, me yaran nan suke ci?"

Ina jin muryar Yaya ta cikin wayar. "Waɗanne yara? Rie ta haihu ne ba a gaya mini ba?"

"Kada ka raina mini hankali. Za ka zo ko ba za ka zo ba?"

Ya zo. Na bi su. 'Yan kifin sun fito, ba su fi tsinken ashana ba, sun taru a gefe inda ruwa ba ya da ƙarfi. Tsofaffin nan biyu suka tsuguna kai da kai. Yaya ya ce ba sai an ba su komai ba, nan gaba kaɗan za su gangara teku.

"Dakalin fa?" Gengo ya tambaya.

"Sauka ba wuya, ruwa ne zai jefa su."

"Dawowa fa?"

"Bayan 'yan shekaru, waɗanda suka rayu. Su zo su tarar da simintinka."

"Ba nawa ba ne."

"A'a? Na ɗauka kai ne ka ce sai an bi ta kanka."

Gengo ya miƙe ya nufi gida. Ranar bai cinye shinkafarsa ba. Da yamma na gan shi zaune gaban hoton mahaifinsa ya kunna turare, na ji yana cewa, "Baba, kai ma ka san gonar nan ba ta taɓa daina zama ta kogi ba. Aro ka yi, ni ma aro na yi." Na ja ƙofar a hankali na bar su.

Washegari ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki ya tafi ofishin Odagiri-san. Abin da ya fara gaya mata shi ne ba don kifi ya zo ba, kada wani ya je ya ce don kifi ne. Ta ce ta fahimta. Gunduma za ta musanya masa da wani fili a kan tudu wanda masu shi suka koma birni suka bari. Matsalar filin yumɓu ne, yana riƙe ruwa. Ta ce maganinsa a haƙa ramuka a ƙarƙashi a cika da ɓawon hotate, wata halittar teku mai ɓawo kamar faifai, wanda masunta ke tarawa tsibi-tsibi a bakin teku bayan sun cire naman, sun rasa yadda za su yi da shi.

Nan Gengo ya ga wurin ramawa. Ya ce ya yarda, amma masunta su kawo ɓawon da kansu, su haƙa da kansu, kuma lokacin dashe Tokuji da kansa zai zo ya yi masa dashen albasa. Akwai wasu manoma biyu masu 'yan gonaki a kwarin, su ma suka fara tirjiya, sai dai matansu 'ya'yan masunta ne, kuma ba wanda ke son cin abinci mai sanyi har abada.

Yaya ya zo dashen. Mutumin da ya yi rayuwarsa a tsaye a kan jirgi, ga shi a sunkuye cikin kunya daga safe har la'asar. Gengo na biye da shi yana gyara duk wadda ya dasa yana cewa a karkace take. Da za su tashi sai da mutum biyu suka miƙar da Yaya, ya tafi gida a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Jan jingar baya aikin manyan motocin gunduma ne, mu kallo muka yi. Su ne kuma suka tsaga dakalin a tsakiya. Amma matakalar kifin Odagiri-san ta ce mutanen gari ne za su yi da hannunsu, don su san yadda za su gyara in ta lalace. Gumagumai ne ake jerawa hawa-hawa, a cika tsakaninsu da duwatsu, ta yadda kifi zai yi ɗan tsalle ya huta, ya sake yi. Manoma suka kawo gumagumai da tarakta, masunta suka kawo igiya, mu muka kawo miyar miso, wato ta daddawar waken soya, a manyan tukwane. 'Yan makaranta suka yi layi ana miƙa duwatsu hannu da hannu.

Da aka gama jerawa ta ce saura a kafe komai a jikin dutsen ƙasa da ƙarfe, kuma ƙarfen bai iso ba, saboda haka a kwance a jingine gumaguman a tudu sai mako mai zuwa. Tana tafiya Yaya ya ce ɗaurin da ya yi wa gumaguman nan shi yake riƙe jirgi a tsakiyar guguwa. Gengo ya ce turakun da ya kafa ko giwa aka ɗaure ba za ta tumɓuke ba. Suka dubi juna. Yaya ya ce ai yarinyar tana da ƙoƙari, tsoro ne ya yi mata yawa. Gengo ya ce gaskiyarka.

Gaskiyarka! Ni da na ji kalmar nan ta fito daga bakinsa na san akwai matsala. Na ce musu ku bi maganarta, suka haɗa baki suka ce mata ba su san aikin kogi ba. Aka bar matakalar a ruwa.

Kafin ƙarfen ya iso aka yi ruwa, ba ma wani babba ba. Da safe ba matakala ba alamarta. Sai can wajen hantsi aka gano ta a bakin teku, ta gangara gaba ɗayanta ta je ta tokare jirgin Yaya a jikin gaɓa. Ɗaurin Yaya bai kwance ba, turakun Gengo ma suna nan a jiki, har da ƙasarsu.

"Ka gani," in ji Yaya, "igiyata ta riƙe."

"Turakuna ma ba wanda ya karye."

Odagiri-san ta tsaya tana kallon abin, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Na ɗauka faɗa za ta yi. Cewa ta yi tunda dai ba a kwance take ba, a sa tarakta a jawo ta a haka, an rage aiki. Haka aka ja ta ta tsakiyar gari, mutane na fitowa ƙofar gida suna tafi. Su biyun suna tafe a baya, kowa na kallon wani gefen. Wannan karon aka kafe ta da ƙarfe.

A kakar shekarar kifi suka fara hawa. Duk gari ya je kallo, in ɗaya ya haye sai a yi shewa. Gengo ya ce waɗannan baƙi ne, nasa suna teku tukuna, amma ba laifi, su shiga.

Babbar guguwar da Odagiri-san ke tsoro ta zo a shekara ta gaba, da rana tsaka. Aka kwashe mu zuwa makarantar da ke kan tudu. Daga tagar bene ana hango kwarin. Muka ga kogin ya kumbura ya yi jawur, ya kai inda aka rage wa tsohuwar jingar tsayi, ya karkata ya fara malala cikin tsohuwar gonarmu. A hankali ya cinye ta, har itacen da surukina ke ɗaure doki ya rage sai kansa. Gengo na tsaye ya dafa gilashi. Yaya ya zo ya tsaya kusa da shi, ya miƙa masa alewar da ake raba wa yara. Ya karɓa ya jefa a baki.

Ruwan bai shiga gari ba. Ba wai ba a yi asara ba: rumfar ajiye komar masunta ta jiƙe, wani manomi ya rasa gefen gonar dankalinsa, matakalar ma ta cike da yashi sai da muka yashe ta. Amma kowa ya koma ya kwana a ɗakinsa. Albasarmu kuwa tana can kan tudu, ruwan ya bi ta cikin ɓawon hotate ya tsiyaye.

Da shekarar da Yaya ya ce nasa za su dawo ta zagayo, Gengo ya kai kujera bakin ƙoramar ya ajiye. Suka zo kuwa, har ruwan ya yi baƙi da su. Ya riƙa nuna mini wasu yana cewa wannan 'yar mai yagaggiyar wutsiya ce, dubi goshin. Yaya ya ce kifi ba ya da goshi. Gengo ya ce na gidanku ne ba su da shi.

Sai wata safiya wayata ta yi ƙara, na ga shi ne, alhali bai daɗe da fita ba. Murya can ƙasa.

"Nobuko, kada ki fito. Kira Mai Ƙarni ki ce ya zo da mota."

"Lafiya? Kana ina?"

"Cikin tarakta. Na kulle."

Na hau sama na leƙa ta taga. Beyar ne, naman dajin nan mai gashi da manyan farata, ƙato, ja, ya sauko daga dutse ya shiga ƙoramar har gwiwa. Ya kai hannu ya make kifi ɗaya ya fito da shi, ya zauna daidai gefen kujerar Gengo yana ci hankalinsa kwance. Rabon da a ga irinsa a kusa da gari tun muna yara. Ga Gengo can cikin gilashin tarakta, ya dunƙule hannu yana yi wa dabbar faɗa ba sauti.

Yaya ya iso a 'yar a-kori-kurarsa ya danne oda bai ɗaga ba. Beyar ɗin ya ɗago ya dube shi, ya ɗauki wani kifin a baki don guzuri, ya haura tudu ba gaggawa. Sai da ya ɓace Gengo ya sauko.

"Biyu ya ci a gabana! Biyu! Ɗaya ma mai ƙwai."

"Kai dai ka gode da bai fara da kai ba," in ji Yaya. "Ko da yake ya shinshina ya ji albasa."

Odagiri-san ta zo da ma'aikatan daji. Suka ce inda kifi ya dawo dole mai cinsa ya biyo, ba abin mamaki ba ne. Aka zagaye gidaje da rumfar da wayar lantarki, aka ɗauke kujerar, aka ce ba mai zuwa ƙoramar shi kaɗai, kuma duk mai zuwa ya rataya ƙararrawa a ƙugu don dabbar ta ji tahowarsa ta kauce.

Gengo ya je kanti ya zaɓi mafi girma, irin ta wuyan saniya. Da yake mantuwa ta fara kama shi, ba ya cire ta, da ita yake zuwa gidan waya, da ita yake zuwa aski. Yanzu tun daga kan gada ake jin tahowarsa. Yaya ya ce a duk ayyukan da aka yi wa kogin nan ba wanda ya amfane shi kamar wannan, don yana samun lokacin shigewa bayan jirgi kafin mutumin ya iso.